Me kare da zaki ke yi a kan kaburburan Rumawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na ga hoton wani farin dutsen kabari na zamanin Rumawa, an sassaƙa ɗan kare mai ƙiba a tsakiyarsa, a ƙasa kuma an rubuta sunan mace, Helena. Da na ƙara dubawa sai na ga wasu kaburburan nasu ɗauke da zakoki da mikiya, har da ƙoƙon kan shanu. Shin bauta wa dabbobin nan suke yi, ko dabbobin ne aka binne a wurin, ko kuwa kowace dabba tana da wata ma'ana da ta shafi lahira?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara sauke maka mai sauƙin. Ba bauta musu suke yi ba. Rumawa suna da gumakansu, kuma kusan dukkansu siffar mutane gare su. Har ma marubutansu sukan yi wa Misirawa dariya saboda girmama kada da kyanwa. Sauran zato biyun da ka yi kuwa kowanne yana da gaskiya a wani wurin, ya kuma kuskure a wani. Babu wani ƙamus guda da za ka buɗe ka ga "zaki yana nufin kaza, kare yana nufin kaza". Dabba ɗaya takan faɗi abu uku a kan duwatsu uku. Abin da ke raba gardama shi ne inda aka ajiye ta a jikin dutsen, da abin da take yi, da rubutun da ke kusa da ita.

Wani ɗan gyara kafin mu shiga: idan na ce marmara a nan, ba jar marmarar da ake haƙa a zuba a hanya nake nufi ba. Farin dutsen nan ne mai santsi da magina ke kira mabul.

Sai ka san inda kabarin yake tsaye kafin ka gane abin da ke jikinsa. Tun wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) dokar Rum ta hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Don haka kaburbura suka jeru a bakin manyan hanyoyin da ke fita daga ƙofofin gari, irin hanyar Appia da aka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba maƙabarta ce mai katanga da shiru ba. Fatake da sojoji da masu jakuna suna wucewa ta gabansu dare da rana, kuma da waɗannan masu wucewa kabarin yake magana. Rubuce-rubuce da yawa ma da haka suke farawa: ya kai matafiyi, dakata ka karanta. Mai kabari yana so a tsaya, a ambaci sunansa, a san ko wane ne shi. Dabbar da ke jikin dutsen tana cikin wannan magana.

Akwai wata shaida mai ban dariya daga bakin su kansu. Petronius, marubucin zamanin sarki Nero, ya kawo labarin wani 'yantaccen bawa da ya kuɗance, Trimalchio, wanda ana tsakiyar walima ya juya ga abokinsa mai sassaƙa duwatsun kabari ya fara ba shi wasiyya. Ya ce a sassaƙa 'yar karyarsa a gindin mutum-mutuminsa. Matarsa kuma a tsayar da nata a damansa tana riƙe da kurciya, tana jan wata 'yar karya da igiya. Ya ƙara da cewa zai sa mai gadi don kada mutane su mai da kabarin wurin bahaya. Labarin ƙirƙira ne, ba'a ake yi wa sababbin masu kuɗi, amma ba'a ba ta kamawa sai in akwai abin da ta yi kama da shi. Ka lura babu inda mutumin ya ambaci lahira a zancen karyar nan. Tasa ce, yana son ta, yana so a gan shi da ita.

To, mu zo kan Helena taka. Dutsen yana gidan kayan tarihi na Getty a jihar Kaliforniya ta Amurka, an sassaƙa shi tsakanin shekara ta 150 da ta 200 miladiyya, kuma bai kai mita ɗaya a tsaye ba. An yi masa siffar ɗan ƙaramin ɗakin ibada, ginshiƙi dama da hagu, rufi mai tsini a sama, karen yana tsaye a ciki shi kaɗai. Irin ƙananan karnukan cikin gida ne da ake dangantawa da tsibirin Malta, masu gajerun ƙafafu, waɗanda matan masu hali ke ɗorawa a cinya. Kana ganin cikar jikinsa ka san bai taɓa kwana da yunwa ba. Rubutun Latin ɗin gajere ne, ma'anarsa: ga Helena, 'yar riƙo, rai marar tamka, wadda ta cancanta. Kalmar da ta jawo rigima ita ce alumna, wato 'yar riƙo, yarinyar da aka raina a gidan da ba nan aka haife ta ba, sau da yawa 'yar baiwa ko tsintacciya. Shi ya sa masana suka rabu biyu. Wasu sun ce Helena yarinya ce, aka sa karen da take wasa da shi a madadinta. Wasu sun ce Helena ita ce karyar, masu ita sun ɗauke ta kamar 'ya.

Ni na fi karkata ga na biyun, kuma ga dalilina. A duwatsun yaran Rumawa da aka sa dabba, yaron ne ke tsakiya, dabbar tana hannunsa ko tana gefen ƙafarsa. A nan kare ne ya tsaya a gurbin da ake sa fuskar mamaci. Sannan iyayen da suka rasa ƙaramin yaro sukan ƙirga shekarunsa har da watanni da kwanaki su rubuta, saboda ƙarancin kwanan shi ne abin kukan. Nan kuwa ba a faɗi shekaru ba. Ba hujja ce mai yanke magana ba, amma in aka ce in zaɓa, nan na tsaya.

Kuma kada ka yi mamaki, domin binne kare da kafa masa dutse abu ne da suka yi ba sau ɗaya ba. A babban gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani allon marmara daga Rum na wata karya mai suna Margarita, wato lu'ulu'u. An rubuta shi da waƙa, kamar ita ce ke magana: a ƙasar Gaul aka haife ta, yankin Faransa ta yau, an koya mata farauta a kurmi da tuddai, ba a taɓa ɗaure ta da sarƙa mai nauyi ba, ba a taɓa dukan farin jikinta ba, a cinyar uban gidanta da uwar gidanta take kwanciya, haushinta bai taɓa tsorata kowa ba, wurin haihuwa ta mutu. Sarki Hadrian, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, shi kuma dokin farautarsa Borysthenes ya gina wa kabari ya sa aka rubuta masa waƙa. Don haka zatonka na cewa dabbar ce a ƙasa yana faruwa, sai dai shi ne mafi ƙaranci.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikin duwatsun nan duka yana gidan kayan tarihi na Capitolini a birnin Rum. Bagaden kabari ne babba na wani saurayi mai suna Titus Statilius Aper, mai awon gine-gine, wanda ya rasu yana ɗan shekara 22. Yana tsaye cikin mayafin manya, a gindin ƙafarsa ga mataccen aladen daji a kwance, a gefen dutsen kuma ga kayan awonsa. Wanda bai karanta ba zai ce maharbi ne. Ko kaɗan. Aper a Latin shi ne aladen daji, sunansa ne aka sassaƙa. Waƙar da ke jikin dutsen ma da haka ta yi wasa: ga ka kwance, alade marar cutarwa, ba mashin Meleager ne ya huda ka ba, mutuwa ce ta zo shiru ta ɗauke ka kana tsakiyar ƙuruciya. Meleager jarumi ne a tatsuniyar Girkawa da ya kashe wani ƙasurgumin aladen daji. Kamar a ce mutum sunansa Zaki ko Giwa, sai iyayensa su zana dabbar a kabarinsa. Cikin baƙin ciki suke, amma ba su ga laifin wasa da suna ba, domin shi ne zai sa mai wucewa ya tsaya ya kuma tuna.

Wasu dabbobin sana'a kawai suke faɗi. Wani mai niƙa daga Ostia, tashar jiragen ruwan Rum, Publius Nonius Zethus, an sassaƙa jaki yana juya dutsen niƙa a jikin marmarar da aka ajiye tokar iyalinsa, tana gidan kayan tarihi na Vatican, fadar Fafaroma, yanzu. Sojojin doki kuwa da dawakansu ake nuna su. Waɗannan ba sa buƙatar dogon tafsiri.

Ƙoƙon kan shanun da ka gani daga wurin yanka ya fito. A wuraren ibadarsu, in an yanka bijimi akan rataye ƙoƙon kansa, a ɗaura masa igiyar ganye da furanni da 'ya'yan itace. Furanni suna bushewa, ƙashi yana ruɓewa, sai masassaƙa suka mai da su dutse don adon ya dawwama. Yanka kuwa yana cikin jana'izarsu: Cicero, lauya kuma marubucinsu, ya ce kabari ba ya zama kabari a shari'a sai an yi hidimomin da suka kamata an yanka alade. Babban misalin wannan ado shi ne hubbaren wata mata, Caecilia Metella, a hanyar Appia, wani ƙaton gini mai da'ira, faɗinsa kusan mita 30, da ɗamarar marmara a samansa ta kawunan shanu da furanni. Har unguwar ta samo suna daga gare su, ana ce mata Capo di Bove, wato kan bijimi. Kawunan raguna da ake gani a kusurwoyin bagadai su ma daga nan suke.

Mikiya ce za ka iya cewa tana da alaƙa ta kai tsaye da abin da ke bayan mutuwa. Tsuntsuwar babban gunkinsu Jupiter ce, kuma masanin tarihi Cassius Dio ya ce a jana'izar sarki Augustus a shekara ta 14 miladiyya an saki mikiya daga kan tarin itacen da aka ƙona shi, da nufin ta ɗauki ransa zuwa sama. A gindin ginshiƙin da aka kafa wa sarki Antoninus Pius bayan rasuwarsa a 161, mikiya biyu ne ke rakiyarsa shi da matarsa Faustina. Daga sarakuna abin ya gangaro, har ka ga 'yantaccen bawa da mikiyoyi a kusurwar ɗan akwatin tokarsa. Ko yana fatan hawa sama ne, ko kuwa ya ga adon manya ya kwaikwaya, wannan a zuciyarsa ya tafi da shi. A kan irin waɗannan akwatuna ne kuma za ka ga ƙananan abubuwa masu taɓa zuciya: tsuntsuwa tana ciyar da 'ya'yanta a sheƙa, wata tana saran ƙadangare, wata ta kama malam-buɗe-littafi. Na ƙarshen nan ba a banza yake ba, domin a harshen Girka kalma ɗaya ce, psyche, take nufin rai take kuma nufin malam-buɗe-littafi.

Zaki yana da dogon tarihi a bakin kabari tun kafin Rumawa. Girkawa sun kafa ƙaton zaki a Chaeronea kan kabarin mayaƙan Thebes da suka mutu a yaƙin shekara ta 338 kafin haihuwar Annabi Isa. Aikinsa na farko gadi ne, kuma a arewacin Italiya an sha ɗora zakoki a kan kaburbura, wani da ƙafarsa a kan kan rago. Amma zakokin da suka fi yawo a hotuna na ƙarni na uku ne, kuma sai an san wani sauyi za a gane su. Har zuwa ƙarshen ƙarni na ɗaya yawancin mutanen Rum ƙona gawa suke yi su adana toka. Daga zamanin Hadrian sai binne gawa ɗungurungum ya fara rinjaye, masu hali suka koma sayen manyan akwatunan marmara. Akwatin da zai ɗauki mutum a miƙe ya ba masassaƙi fili mai tsawon mita biyu, nan fa dabbobi suka sami wurin sakewa.

Akwai wani samfuri da aka yi da yawa. Siffarsa kamar komin da ake tattake inabi a ciki, bakinsa biyu a zagaye, gabansa an yi masa tsage-tsage masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A kowane gefe ga zaki ya danne barewa ko aladen daji ko jakin dawa, ya kafa masa farce, bakinsa a buɗe. Matsa kusa ka dubi gezar. Ba da guduma da cizal kaɗai aka yi ta ba. Da ƙarfen huda aka bi ta, wanda yaro ke juyawa da igiya yayin da maigidan ke saita bakinsa, ana jera ramuka a haɗe su su zama kwari mai zurfi. A hasken fitilar mai, cikin duhun ɗakin kabari, inuwar waɗannan kwaruruka ce ke sa gashin ya zama kamar yana motsi. Sai kuma ka dubi jikin zakin: a kan wasu akwatunan yana sanye da ɗamara, kuma ga mutum a bayansa riƙe da sanda ko mashi. Wannan ba zakin daji ba ne, na filin wasa ne, mai horar da shi yana tare da shi. Mutanen Rum a can suka san zaki. Cassius Dio ya ce dabbobi 9,000 aka kashe a bikin buɗe Kolosiyam, babban filin wasan Rum, a shekara ta 80. Saboda haka zaki a kan barewa yana iya nufin mutuwa da ke faɗa wa mutum ba sallama, yana iya zama gargaɗi ga mai niyyar fasa kabari, yana kuma iya tuna wa jama'a cewa mamacin babban mutum ne daga cikin masu ɗaukar nauyin irin wannan wasa. Ba dole ne ɗaya ya kore ɗaya ba.

Yawancin dabbobin nan daga Afirka aka kwaso su, musamman arewacinta. A tsibirin Sisili na Italiya, a wani gidan ƙasaita da ke Piazza Armerina, akwai daɓen ƙananan duwatsu na ƙarni na huɗu da ya nuna yadda ake kama su ana lodawa a jiragen ruwa. A birnin Baltimore na Amurka, gidan kayan tarihi na Walters yana da akwatin gawa na wajen shekara ta 190 wanda ya nuna gunkin giya Dionysus yana dawowa daga cin Indiya: damisa biyu na jan karusarsa, ga giwaye, ga zaki, ga kuma raƙumin dawa ya miƙa wuya sama da kowa. Julius Caesar ne ya fara nuna raƙumin dawa a Rum a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kira shi camelopardalis, wato raƙumi-damisa. Ashe ba mu kaɗai muka kalle shi muka ga raƙumi ba.

Masana sun daɗe suna jayayya kan yawan ma'anar da ya kamata a ɗora wa waɗannan siffofi. A 1942 Franz Cumont, ɗan ƙasar Beljiyam, ya fassara kusan kowace a matsayin ishara ga dawwamar rai. A 1946 Arthur Darby Nock na jami'ar Harvard ya mayar masa da martani cewa rubuce-rubucen da ke jikin kaburburan ba su goyi bayan haka ba, yawancinsu kuka ne da yabo, ba bushara ba. A ganina Nock ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ya ɗan wuce gona da iri wajen mai da komai ado. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne yadda kasuwar take. Ana fasa marmara a Luna, wato Carrara ta yau, da tsibirin Marmara a Turkiyya, da Thasos da dutsen Penteli a Girka, a rarake akwatunan tun a can don rage nauyi, a turo su ta teku. A gaɓar San Pietro in Bevagna kusa da Taranto a kudancin Italiya an sami jirgin da ya nitse da irin waɗannan akwatuna fiye da ashirin da ba a gama ba, wasu ƙanana an cusa su cikin manya. A shagunan Rum kuma akan sassaƙa komai a ajiye, a bar fuskar mamaci a dunƙule sai mai saye ya zo, kuma akwai da yawa da aka binne mutum a ciki fuskar tana nan ba a gama ba. Magidancin da matarsa ta rasu jiya, ya shiga shago yau, ba falsafa ya je yi ba. Ya ga mai zakoki, ya yi masa kwarjini, kuɗinsa ya kai, ya saya. Ma'anar tana nan, amma irin wadda kowa ya sani ce ba sai an yi bayani ba.

Da Kiristanci ya bazu, shagunan nan ba su rufe ba, labaran ne suka sauya. Makiyayi da tunkiya a kafaɗa, wanda dā alamar zaman lafiyar karkara ne, ya sami sabuwar fassara. A wani akwati na ƙarshen ƙarni na uku da ke Vatican an nuna ƙissar Annabi Yunusa, amma abin da ya haɗiye shi ba kifi ba ne irin wanda ka sani: dodon teku ne mai dogon wuya da murɗaɗɗiyar wutsiya, wanda masassaƙan suka saba yi tun kakanninsu a labaran gumakan ruwa. Hannu ya riga ya saba, abin da ya iya shi ya yi.

In za ka ci gaba da kallon hotunan nan, ka riƙe cewa ba haka masu su suka gan su ba. Farin da kake gani na tsufa ne, asali an shafa musu launi, kuma har yau ana samun burbushin ja da ruwan zinariya a lungunan sassaƙar. Ba kowace dabbar marmara ce ta fito daga kabari ba, da yawa adon lambu ne da na bakin tafki. Ɗakin dabbobi na Vatican, wanda aka shirya zamanin Fafaroma Pius na shida, cike yake da waɗanda Francesco Antonio Franzoni ya gyara a ƙarni na 18, ya ƙara kai a nan, ƙafa a can, har wasu aikinsa ya fi na asali yawa a jikinsu. Akwatunan kansu kuma da yawa an fitar da ƙasusuwan masu su tun ɗaruruwan shekaru, an sake binne wasu manyan a ciki kamar yadda aka yi a Pisa, ko an mai da su komin shayar da dawaki da kwandon famfo a titunan Rum. In ka ga rami a ƙasan akwati tsakanin zakoki biyu, ba masassaƙin farko ne ya huda shi ba, mafitar ruwa ce.